Baffanmu Mai Taka Jema

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baffa kuwa ya riga mu. Ya cika wata Laraba da hantsi, cikin bazara, lokacin da kogi ya ja baya ya bar yashi a fili. Wan mahaifina ne, shi ne babba a gidanmu na Gaya. Ina faɗin abin da na sani game da shi ne domin na ga yadda ake mance mutane a garin nan: a yi sadakar arba'in, a wanke ƙorai, kowa ya kama gabansa.

Kafin a gama yi masa wanka ƙofar gida ta cika. Sarkawa suka bar jiragensu a bakin ruwa suka hauro, jikinsu duk ƙarnin kifi. Matan Tunuga masu dafa gishiri, da suka zo cin kasuwa, suka sauke kayansu a gindin tsamiya suka shigo suna kuka da Dendanci. Wani tsohon Bafillace, da ban taɓa ganin ya shiga gidan kowa ba, ya tsuguna nesa da tabarma riƙe da sandarsa har aka ɗauki gawa. Gwaggo, ƙanwar Baffa, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ba ta zubar da hawaye ba. Faɗa take ta yi, wai ya tafi bai gyara mata dangar da ya yi alkawari ba, kuma duk wanda ya ce ta yi haƙuri sai ta harare shi.

Maza kuwa, a hanyar dawowa daga maƙabarta, magana ɗaya ke yawo a bakinsu ƙasa-ƙasa: to, bana wa zai taka jema? Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba a zagaya fadama ba. Kowa ya san amsar, kowa na jin nauyin faɗinta. Babban ɗansa ne, Yaya, wanda ya bar gida da fushi tun da daɗewa ya koma ɓangaren da Ingilishi ke mulki, wajen Kamba. An riga an aika masa.

Ni kukana biyu ne ranar nan, ba zan ɓoye ba. Ina kukan Baffa, ina kukan gonata. Gonar shinkafar da nake ci da marayuna tana jikin ta Yaya, a kanta suka ɓata da ubansa, kuma bana kogi ya ci gaɓa ya tafi da alamar da ke tsakaninmu. Mutumin da ya taɓa neman ƙwace ta shi ne zai zo ya nuna inda iyaka take.

Wanda bai san fadamarmu ba sai na yi masa bayani. Ruwa sau biyu yake zuwa mana a shekara: jan ruwa da damina, sai baƙin ruwa da ke gangarowa lokacin sanyi, bayan mun yanke shinkafa daga cikin jirgi. In ya janye sai ya bar laka shimfiɗe kamar sabon daɓe, ba ka gane gonarka daga ta maƙwabci. Dutse laka ke binne shi, turke ruwa ke tafiya da shi. Jema kaɗai ke tsayawa, ciyawar nan ta bakin ruwa da ake yin zana da ita, domin saiwarta nutsawa take yi ƙasa har ta fi tsayin mutum. Saboda haka a kusurwar kowace gona akwai tushen jema. Kuma mutum ɗaya ba ya dasa ta. Maƙwabta biyu ke tsugunawa, kowa ya riƙe ta da hannun dama, su sa ta a rami, sannan dattijo ya zo ya take lakar da dunduniyarsa a gaban jama'a. A unguwarmu ƙafar Baffa ce, ya gaje ta wurin kakanmu.

Ƙafar ma abin kallo ce. Faffaɗa, baƙa ƙirin, faso ya tsattsaga dunduniyar har kana iya ɓoye ƙwayar gero a ciki. Ban taɓa ganinsa da takalmi ba. An taɓa kawo masa wasu na fata tsaraba, ya rataye su a ɗaki har gara ta cinye.

Ba ya yanke magana a zaure. Ko mece ce ka kawo, sai ya bar ka ka gama, ya tofar da goro, ya ce, "Tashi mu je." In ka ce rana ta yi zafi, ya ce ai ba ta san kana da ƙara ba. In ka ce abin ƙarami ne, baki ma ya isa, ya ce bakinka ya ji, saura idonsa. Haka ake jan sa ko'ina. Wannan gara ta shigar masa rumbu, a je a ga inda ya kafa shi. Wancan rijiyarsa ta fara ɗanɗanon gishiri. Wata akuyarta ta ci dawar maƙwabci. Dorina ta hau gona ta tattake shinkafa, ana gardamar ko wa ya bar wajen ba tsaro. Ba sarauta gare shi ba, ba malami ba ne, ba a ba shi komai sai ɗan goro, shi ma in ka kawo kafin a je sai ya ce ka mayar.

Tsohon Bafillacen nan da ya tsuguna a ƙofar gida, na san abin da ya kawo shi. Wata shekara wani mutumin unguwarmu, abokin Baffa ne tun ƙuruciya, ya faɗaɗa gonar geronsa har ya toshe burtalin da shanu ke bi su sha ruwa. Shanu suka shiga, aka kama makiyayi, samari suka ɗauko sanduna. Baffa ya je ya duba, ya ce burtali ya girmi gonar, a sare geron da ke kan hanya. Gero ya riga ya yi kai, wallahi, ni ma da na gani sai da raina ya sosu. Abokin ya daina yi masa magana har kaka biyu. Bafillacen bai yi godiya ba, Baffa bai jira ta ba, sai dai tun daga nan kowace damina akan tarar da ƙwaryar nono a bakin zaure.

Kada in mai da shi waliyyi. Baffa mutum ne mai zafi. Ba ya yabo. Ka yi noma ka gama, ya zo ya tsaya, ya nuna maka ciyawa ɗaya da ka bari. Ya tsani awaki tsana mai tsanani, yana jifansu ko ba su yi komai ba, har da na Gwaggo, abin da suka yi ta faɗa a kansa har tsufa. In an yi tuwo ya yi ruwa, gida duka sai ya ji. Ni da nake da baki, mun sha karawa da shi, ya ce da ni namiji ce da an daɗe da korata daga gari.

Amma ga abin da ya yi mini. Mijina yana cikin waɗanda aka kwasa ɗaukar kayan Nasara a hanyar Doso. Ya dawo da tari, bai ga kaka ba. Danginsa talakawa ne, ba su iya riƙe mu, na kwaso 'ya'yana na dawo gida. Mahaifina ya rasu tun kafin nan, bai bar ɗa namiji ba. Na zo ba ni da ko zangarniya ɗaya. Baffa bai yi mini doguwar gaisuwa ba. Da na fita takaba ya leƙo ya ce in tashi mu je. Ya kai ni fadama, ya bi da ni kusurwa-kusurwa, ya ce wannan rabon ƙanensa ne da kakanmu ya yanka masa, ya riƙe shi amana, yanzu ya sauke. Ya ba ni irin shinkafa daga nasa, ya ce in na cinye iri kada in zo masa da kuka. A hanyar dawowa ya yi ta yi mini faɗa a kan yadda nake riƙe hauya, ni kuwa ina bayansa ina share hawaye.

A shekarun nan ne Nasara suka raba ƙasa. Aka ce sun tara duwatsu can gabas sun shafa musu farar ƙasa, nan Faransa, can Ingilishi. Baffa ya tafi da ƙafa ya gano. Da ya dawo ya tambayi masu labari wa ya riƙe da wa. Aka ce Nasara biyu ne suka shirya tsakaninsu. Ya ce, "To, gonarsu ce?" Bai ƙara magana a kai ba.

Duwatsun nan su suka karya Yaya. Babbar gonarsa ta gero ta faɗa bayan iyaka. In ya tafi noma, gardin kumandan, wato dogarin Nasara, ya ce gudun aikin tilas yake yi. In ya ɗauko dami, a tare shi a hanya. Ga hatsin bariki da ake zuwa a ɗiba daga rumbu ko an samu ko ba a samu ba. Ga iyali da yawa. Ina faɗin wannan ne domin a san Yaya ba mugu ba ne. Mutum ne mai ƙoƙari wanda bakuna suka yi wa yawa, ya duba gefensa ya ga gonar mace.

Wata bazara na gangara fadama na ga gonata ta tsuke. Jema na nan tsaye kore shar, amma ta matso cikin nawa, matsowa ba kaɗan ba. Na hauro ina masifa tun daga bakin ruwa, Gwaggo ta tare ni a hanya ta toshe mini baki da hannunta, ta ce in kai wa Baffa, kada in tara wa gida jama'a. Na kai masa. Ya saurare ni, bai ce tashi mu je ba, karo na farko ke nan. Ya ce in bari sai ranar zagaye. Na fito na tabbata an gama da ni, domin ɗa ɗa ne.

Ranar zagaye mazan unguwa suka biyo shi kamar kullum. Da aka iso wajenmu Yaya ya ce jema inda take nan take tun yana yaro, ruwa ne ya rikita mini ido. Baffa ya tsaya ya daɗe yana kallon ciyawar. Sannan ya ce wa ɗansa, "Tuge ta."

Duk wanda ya tashi a fadama ya san abin da ake nufi. Tsohuwar jema ƙato ba ya tuge ta da hannu, sai an haƙa an sassare. Wadda aka ciro aka sake dasawa kuwa, ganyenta zai yi kore, amma ba ta kama ƙasa ba tukuna. Yaya ya sunkuya ya ɗan ja, ya ce ta ƙi.

Baffa ya ce, "Da ƙarfin da kake ɗaukar dami."

Ya ja. Ta fito gaba ɗaya, ya faɗi zaune cikin laka da ita a hannu. Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya taka zuwa tsohon wurin, ya sa aka tona, ga guntayen saiwa an sare su da gatari, ƙanshinsu ya tashi kowa ya ji. Ya kira mu mu riƙe. Na tsuguna na riƙe. Yaya ya tsaya, ya ce, "Baba, 'ya'yanta na wani gida ne. Nawa su ne jikokinka."

"Na sani. Riƙe."

Ya riƙe, fuskarsa a juye. Baffa ya take lakar a hankali, ya zagaye ta kamar yadda yake yi wa kowa, ya wuce gona ta gaba. Kafin ruwan farko ya sauka Yaya ya kwashe iyalinsa ya ƙetare duwatsu, bai yi wa ubansa sallama ba.

Mutane sun yi magana. Da yawa sun ce da Baffa ya kira ɗansa ɗaki ya gyara abin a rufe. Gwaggo ta faɗa masa a fuska, ta ce ya tsiraita ɗan cikinsa a gaban gari saboda taurin kai. Ya ce in ya yi wa nasa a ɗaki, gobe kowa zai nemi ɗaki. Ni da aka yi domina, har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninsu ba. Na dai san 'ya'yana sun ci tuwo a shekarar, na kuma san Baffa ya tsufa a damina ɗaya.

Bai ba kowa gonar Yaya ba. Shi ya riƙa nomanta da kansa, da bayansa da ya fara tanƙwarewa, in an zo taya shi ya kore. In an yanke sai ya sussuke ta daban, ya ɗaure a buhu, ya ba fataken gishiri masu bi ta Kamba su kai. Farko dawo da ita ake yi, ɗaurin bakin buhu yadda ya yi shi. Ya karɓa, kaka ta zagayo ya sake aikawa. Har wata shekara jaki ya dawo ba kaya. Ina tsakar gida ina daka na ji yana tambayar falken ko an ba da saƙo. Falke ya ce babu.

"Yaran fa, sun ci?"

"Sun ci, Baba."

Ya ce alhamdu lillahi, ya shiga ɗaki. Ranar bai jefi akuyar kowa ba.

Ciwon ajalinsa daga ƙafa ya fara. Suka kumbura har ba ya iya taka ƙasa, shi da bai taɓa zaman wuni ɗaya ba. Mutane suka ci gaba da zuwa da maganganunsu, sai ya saurara, ya buɗe baki zai ce tashi mu je, ya dubi ƙafafunsa, ya fasa. Wannan ya fi ciwon cin ransa. Ban so in gaya masa zancen gaɓa ba, amma Sarkawa sun riga ni. Ya kira ni ya tambaya ko gaskiya ne kogi ya tafi da jemarmu. Na ce gaskiya ne. Ya ce in kumburin ya saɓe za mu je. Bai saɓe ba.

Yaya ya iso bayan an rufe Baffa. Da na gan shi, gemu ya yi fari, tafiyar ma irin ta ubansa. Ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, ya amsa kamar yadda yake amsa wa baƙi. Gwaggo ta wanke shi tas a gaban mata, ta ce shinkafar tsoho ta san hanyar gidansa, shi bai san hanyar gidan tsoho ba. Ya sunkuyar da kai. Wasu suka ce nadama ce, wasu suka ce tsohon fushi ne bai huce ba. Ni ban iya cin abinci ba.

Bayan sadakar bakwai dattawa suka same shi da maganar taka jema. Ya ce ya daɗe ba ya nan, a nemi wani. Liman ya ce ƙafar ta gidansu ce, kuma ruwa ba zai jira ba. Washegari da safe aka gangara.

Na bi su daga baya, na shirya maganganuna tsaf, har da shaidun da zan kira da rantsuwar da zan yi. Ya cire takalmansa a bakin fadama. Ya bi gona-gona, inda jema ta mutu aka dasa sabuwa, masu gona suka riƙe, ya taka. Ba laifi, ya iya. Muka iso inda kogi ya ci gaɓa. Ba alama ko ɗaya, laka ce kawai da ruwa a ƙasa. Ya tsaya ya dubi jemar da ke can sama wajen tudu, ya dubi giginyar da ke bayanta, ya bi bakin gaɓa a hankali. Ya tsaya daidai inda ni ma zan tsaya, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya juyo, karo na farko tun zuwansa ya dube ni sosai.

"Ƙanwata, nan ne?"

Na ce, "Nan ne, Yaya." Duk maganganun da na shirya ban faɗi ko ɗaya ba.

Aka haƙa rami, aka miƙo tushen jema. A nan ba mai takawa ba ne shi, mai gona ne, saboda haka ya tsuguna ya riƙe, ni ma na tsuguna na riƙe. Muka sa ta a rami. Muka jira ƙafar da za ta take, kanmu a sunkuye. Muka yi ta jira. Sai na ga Yaya ya waiwaya bayansa, ta gefen da Baffa ya saba fitowa. Ni ma na waiwaya. Ga maza tsaye, ba wanda ya motsa.

A nan ya fashe da kuka, babban mutum mai furfura, hannunsa bai saki ciyawar ba. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kuma ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Da ya lafa, ba mu kira kowa ba. Da hannu muka danne lakar, ni da shi.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa zafinsa, Ya yalwata masa kabarinsa, shi da bai taɓa ƙara wa gonarsa ko taki ɗaya ba.